Bashin Teku

A Gilefe, can bakin tekun Ankara,
ina da shekara goma sha tara,
shebur ne abokina.
Tun asuba tifa ke juyo baya,
mu shida mu cika ta da yashi,
mu raba sidi, mu ci dokunu da soyayyen kifi,
mu jira ta biyu.

Tsoho Tete na ɗinkin koma a gindin kwakwa.
Bai taɓa ɗaga murya ba.
Ya ce: Barau, teku ɗan kasuwa ne.
Da damina yakan kwashe yashinsa ya ajiye a ciki,
in ruwa ya ɗauke ya dawo da shi kaɗan-kaɗan,
yana tura shi gabas kamar mai kora awaki.
Ya san lissafin kowace ƙwaya.
Muka yi dariya. Wa ke ƙirga yashi?

Yashin nan ya zama bulo,
bulo ya zama bene a Dansoman,
ya zama otal, ya zama shagon gyaran waya.
Ni ma na samu fili tsakanin tafki da teku,
inda aka danne ruwa da bola da ɓaraguzai.
Ɗaki biyu da zaure.
Na shafa masa shuɗin fenti.

Kwakwa ce ta fara tafiya,
saiwoyinta a waje kamar yatsun mai roƙo.
Sai rumfar masu banda kifi.
Sai masallacinmu na langa-langa,
har da butocin alwala.
Inda Tete ke zama,
yanzu kwale-kwale ke wucewa.

Daren da ya zo gidana bai yi sallama ba.
Na farka, tabarma na yawo,
Lantana na riƙe da jikarmu bisa tebur,
takalmina ɗaya ya riga ni fita.
Da gari ya waye zaure babu,
sai ƙofa tsaye ita kaɗai,
da kwadonta a kulle.

An kawo duwatsu, manya kamar shanu a kwance,
an jera su, aka ce an ɗaure teku.
Bai yi gardama ba,
ya matsa gaba, ya ci unguwar maƙwabta.
Mai bin bashi ba ya rasa ƙofa.

Yanzu da yamma nakan zauna bisa dutse,
gwiwa na ciwo, gishiri na cin ido.
Igiyar ruwa ta zo, ta zube robobi da tsumma,
ta lashi ƙasa, ta koma.
Jikata ta cika gwangwani da yashi
za ta kai gida ta gina ɗaki.
Na ce: Zinaru, zuba shi inda kika ɗebo.
Ta ce: Kaka, don me? Ai yana da yawa.