Allo Na Goma

Allo tara ne a gabana, na aiki:
ƙofar shiga, gareji, lif biyu,
matakala, wurin ninƙaya, lungun shara.
Na goma nawa ne, ɗan ƙarami,
kwance na saye shi a kasuwar Brás,
shi nake kunnawa in São Paulo ta fara gyangyaɗi.

A cikinsa an kulle mutum sha shida a gida ɗaya,
an ce mu kalla, mu zaɓi na kora.
Akwai Jucélia, 'yar Piauí, jiharmu,
mai ɗinki, yatsunta duk kanta.
Daren farko da ta yi gaisuwa da harshen garinmu
sai da na ajiye kofin gahawa.
Shekara ashirin da uku rabon da in ji
wannan lanƙwasar ta fito daga akwati.

Mako bai zagayo ba suka samo mata kiɗa:
in ta buɗe baki, sai a sako kukan akuya.
Ta barbaɗa garin rogo a kan taliya,
aka maimaita sau huɗu, a hankali,
har garin na sauka kamar yayyafi.

Da safe Dona Heloísa ta hawa na tara
ta tsaya karɓar wasiƙunta.
"Valdemir, ka ga 'yar'uwarka jiya?"
Ta karkace baki, ta ari muryar, ta ƙyalƙyale.
Na yi yaƙe. Albashina daga sama yake saukowa.

Ta manta allo na uku a gabana yake.
Na gan ta a lif tana share hawaye da bayan hannu,
na gan ta ta shuri karen maƙwabta,
na gan ta ta riƙe tsohuwa Irene har bakin mota
ranar da ruwa ya ci titi.
A ba ni almakashi da minti arba'in,
in yanko muku waliyyiya, in yanko muku mayya,
duk wadda ta fi sayar da sabulun talla.

Ran Lahadi na tarar da Taís, autata, gaban madubi,
tana kankare harshenta kamar ƙanzo a tukunya.
A makaranta sun daina kiran sunanta.
Jucélia suke ce mata, sannan su yi kukan akuya.

Amma kada in wanke kaina tas.
Akwai wani yaro a gidan, Wilmer, ɗan Bolibiya,
shi sarewa aka ba shi.
Kullum a nuno shi yana cusa biskit ƙarƙashin filo.
Na yi dariya har na ƙware.
Washegari wani ɗan ƙasarsu ya kawo saƙo,
na nuna masa lif ɗin baya,
na bi jakarsa da ido har ya fita.
Ba wanda ya sa ni.

Daren kora su biyu aka tsayar.
Don in cece ta, sau goma sha ɗaya
na danna sunan Wilmer a waya,
ina danna ina istigfari irin namu, da giciye a hannu.
Bai hana ba. Ita aka kora.
Ta jawo akwatinta zuwa cikin fitilu,
mai gabatarwa ya rungume ta, ya ce,
"Sake faɗa mana kalmar nan, sau ɗaya tak."
Ta faɗa. Aka tafa.
Tafin har ta tagogin benenmu na ji shi.

Na kashe na goma. Tara suka ci gaba:
gareji shiru, kyanwa a kan shara,
lif na hawa ba kowa a ciki.
Sai na ɗaga kai.
A kusurwar silin akwai ɗan jan ido
da ke kallon kujerar nan tun ranar da na kama aiki.
Allonsa ba ya cikin nawa.
Ban san wa ke zaune gabansa ba,
ban san kiɗan da aka sa mini ba.