Wayildili

Ranar Talata, darasi na biyu,
na rubuta ta a allo da guntun alli:
haruffa shida, wutsiyarta "li".
Aji ya amsa baki ɗaya: wayildili!
Kamar sunan wani kifi
da ba a taɓa kamawa a Yawuri ba.

Ƙamus ɗina mai yagaggen bango ya ce
asalinta dawa ne,
abin da bai san turke ba.
Na ce musu bayanau ce,
ba ta tafiya ita kaɗai,
sai ta raɓi aikatau ta kwance masa igiya.
Gudu ya zama na ba waiwaye,
dariya har da faɗowa daga benci.

Tunau ya ɗaga hannu: Malam, haiƙan ke nan?
Na ce kusa, amma haiƙan tana da hankali.
Tuƙuru fa?
Tuƙuru ta san inda za ta.
Ba ji ba gani?
Na tsaya, alli a hannu.
Kusa ƙwarai. Da saura dai.

Ige ce a bencin ƙarshe, jikin taga,
wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba
sai wurin kiran suna.
Ta ce: Daren da Kwara ta shigo shinkafarmu,
Inna ta zuba mu a kwalekwale,
ni da ƙannena biyu da akuya.
Filafili ya karye.
Ta ɗau murfin tukunya tana tuƙi da shi,
ɗankwali ya tafi ba ta sani ba,
tana salati tana zagin ruwan,
ta dama, ta hagu, ba lissafi,
har muka daki tudu.
Da gari ya waye ta ga jini a tafinta,
ta tambaye mu wa ya ji mata ciwo.
Malam, ita ce?

Babu wuta, fanka a tsaye.
Ƙuda ɗaya yana zagaya tebur.
Na dubi misalin da na shirya tun jiya,
wani abu kan 'yan kallo masu tafi a filin ƙwallo.
Na rufe littafin.

Na ce, Ige, zo ki karɓi alli.
Ta rubuta jimlarta a karkace,
da kuskure biyu.
Har aka kaɗa ƙararrawa ban gyara ba.