Noti Na Uku

Kwana uku tana fitsarin tsatsa a gindin maina,
allurar zafi na haurawa tun ban kai Taura ba.
Na ɗaga bonet. Gidan tamostat
ya yi faso kamar dunduniyata.

Bakanike sai Gujungu,
kuma kuɗin hannunsa ya kai tiya biyar ta riɗi.
Na sayo na gwanjo,
na aro sifana wurin Ɗanliti mai injin niƙa.

Da inji ya huce na tsiyaye lagireto a roba.
Noti biyu suka fito salin-alin.
Na ukun ya kafe.
Na ɗiga masa baƙin mai, na yi la'asar, na dawo
ina lallaɓa shi kamar mai cire wa yaro ƙaya.
Ya yi ƙara. Ya juya.

Ashe ba gaskit.
'Yata Tabawa ta ɗauko kwalin sikari,
ta zana da fensirinta, na bi da reza.

Duhu ya shigo, tana haska min da waya.
Na ɗaure, na cika ruwa, na tayar.
Muka tsuguna muna leƙen ƙasa.
Ko ɗigo.

Tsohon kuwa ta ƙwace shi,
a ciki take zuba wa 'yan tsakinta tsaba.