Ƙaro a Suwal

Ƙarfe biyun dare a Suwal, bakin Bahar Maliya,
ni kaɗai na rage a ɗakin gwaji,
ni da firji mai nishi,
da ƙwayoyin halitta a faranti
waɗanda suka ƙi gaisawa.

Mako bakwai ina ɗinka musu riga.
Na dasa wa wasu furotin mai baki kamar ƙugiya,
wasu na ɗaura musu zobe a bayan fata,
na rina waɗannan kore, waɗancan ja,
don in gane wa ya nemi wa.
Rawan ta ce, "Batula, gishirin ruwan ya yi yawa."
Na musa mata har sau biyu.
Ashe ita ce da gaskiya.

Kakana Ɗanjumma, can gabas da Ubayyid,
ƙaro yake tsaga.
Ya kan ɓare wa ɗakwara ɓawo da ɗan gatarinsa
ya tafi abinsa, ba ya waiwaye,
sai bayan kwana arba'in ya dawo da ƙwarya.
Ya kan ce itace ba ya ba da danƙo
sai an ji masa ciwo.
A lokacin hankalina na kan ƙaron da zan tsotsa.

Yanzu na sa ido a madubi.
Kore ta matso. Ja ba ta kauce ba.
Gefe ya taɓa gefe, ƙugiya ta sami zobe,
biyu suka zama biyar, biyar suka yi curi
kamar ƙudan zuma a reshe.
Na girgiza farantin a hankali,
na sake girgizawa da mugunta.
Ba su saki juna ba.

Na rubuta adadin, hannuna na rawa,
na ɓata bakwai ta koma kamar ɗaya.

Inna na Kosti a gidan mutane.
Jibrilu na Bur Sudan yana dakon buhu.
Sa'adiyya ta tsallaka iyaka da goyo,
wata huɗu rabona da muryarta.
Makullin gidanmu yana jakata,
tare da katin shiga ɗakin nan.

Na iya koya wa abin da ido ba ya gani
yadda zai riƙe ɗan'uwansa.
Na ɗauki waya na kira Jibrilu,
ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara.

Na rufe farantin, na mai da shi cikin ɗumi.
Gobe da hantsi zan duba
ko sun kwana a haɗe.