Sandar Batula

Ni ne Ɗanjuma mai albasa.
Gonata na bakin Nilu, ƙasan Mai Wurno,
inda laka ke baƙi kamar gindin tukunya
in kogi ya ja da baya bayan cikowa.

Aji uku na yi a zamanina.
Ran da na ɗaga hannu na ce, "Ustaz, don me?"
dorina ce ta ba ni amsa a gadon baya.
Na naɗe tambayata, na cusa a aljihu,
na bi babana gona, ban ƙara komawa.

Sai ga Batula, autata, da la'asar sakaliya,
taɓo har gwiwa, gefen littafi ya jiƙe,
riƙe da sandar gora mai zane ja-ja.
Na ce, "Wannan fa?"
Ta ce, "Darasi ne, Baba. Ustaza Rumana ta ce
mu gano da kanmu yadda kogi ke hawa."

Raina ya ɓaci.
Buhu nawa na kai Sinnar kafin in sai takalmin nan?
Wasan taɓo ai ko a gida ana yi kyauta.
Da safe ko shayi ban ƙarasa ba,
na zura jallabiya, faɗa cike da bakina,
na nufi makaranta ina saƙawa ina kwancewa.

Ta taga na fara leƙe.
Ba sahu, ba shiru. An ja bencina an yi zobe,
Siddiƙu da Hajjo na musu a kan lamba,
wani ɗan firit ya rubuta kuskure a allo.
Na runtse ido,
bayana ya tuna, yana jiran tsawa.

Ba ta zo ba.
Ustaza na tsugune, alli ya ɓata mata mayafi,
ta ce, "Koma ka bi sawunka, muna biye da kai."
Yaro ya bi, ya bi, ya tsaya cak,
ya dafe kai, ya fashe da dariya:
shi ya ɓatar da akuyarsa, shi ya gano ta,
ba wanda ya riƙe masa igiya wajen jawowa.

Nan ta hango ni.
"Baban Batula, bismilla. Dama muna nemanka.
An ce kana sanin zuwan ruwa kafin sandarmu.
Yaya kake ganewa?"

Faɗan da na ɗauko ya narke mini a maƙoshi.
Na ce, to, launi ne ke fara juyawa,
ya koma kamar shayin da aka ɗiga wa madara.
Tururuwa su kwashi ƙwai su hau tudu.
Akwai kuma wani ƙamshi, wannan ba ya faɗuwa.
Ina magana, alƙaluma talatin na gudu.
Maganata, ni Ɗanjuma, ake rubutawa.

Sai Hajjo ta ɗaga hannu:
"Don me tururuwa ke riga mu sani?"
Don me.
Shekara arba'in ban ji an faɗe ta a aji ba
ba tare da kuka ya biyo ba.
Na ce, "'Yata, wallahi ban sani ba."
Ustaza ta tafa hannu: "Madalla!
Mun sami abin da za mu kwana muna nema."

Yanzu in an idar da asuba mu biyu muke sauka,
ni in kafa gora, ita ta duƙa ta karanta.
Jiya yatsa huɗu, yau shida da rabi.
Ta ce in janye injin ban-ruwa kafin Laraba,
na ce Alhamis. Mun yi musu har gida.
Na janye shi ran Talata, kada a ce na ƙi ji.
Ba ta ce komai ba, tana ta wanke ƙafa,
sandar na jingine da zana, tana ɗigar ruwa.