Almakashin Tela

Ranar Asabar, a Bukoki,
Shamsiya ta aro almakashin tela.
Mu goma sha ɗaya, tabarma biyu,
gindin dogon yaro, bayan rumfar mai caji.
Ni ce ta uku a layi.

Shekara tara ina renon gashin nan.
A Tawa kakata Tsahara ta soma shi,
kaina tsakanin gwiwoyinta,
man shanu a bayan hannunta, tsinke a baki.
In na motsa, ranƙwashi.
Silin da ya zube kuwa sai ta dunƙule shi,
ta tona gindin zogale ta binne.
"Gashin mutum ba ya kwana hannun wani,
da shi ake sammu."

Yau ga ni zan ba wadda ban san sunanta ba.

Ƙaras!
Bai fi ƙarar yankan albasa ba.
Iska ta sauka a ƙeyata
kamar baƙuwar da ta daɗe tana tambayar gidan.
Agali ya kwance rawaninsa yana dariya,
ashe igiya huɗu yake ɓoyo a ciki.
Da aka yanke ta farko, dariyar ta tsaya.

Kuɗin ne suka fi ba mu wuya.
Mun sayar da zoɓo bakin gada har rana ta gasa mu,
mun wanke babura a Wadata,
mun bi rumfa-rumfa da gwangwanin madara.
Wani ya ce, "Ciwon daji? Yara ma yana kama su?"
Wani ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."
Mai tattasai ta kwance bakin zane,
dala biyar, da ɗumin jikinta a kai.
Illo ya ƙirga sau uku, bai yarda da hannunsa ba:
jika ɗari da arba'in da bakwai,
da dala uku, ɗaya ta goge.
Likita ya duba takarda, ya dube mu.
Ba mu tambaye shi yaro nawa za su isa ba.

Ɗakin yana da gado takwas da fanka ɗaya.
Habsu ce a bakin taga, shekararta bakwai,
kanta sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya,
ruwan magani na ɗiga mata
da nawar tulun da ya tsage.
Uwarta wata huɗu ke nan tana kwana kan kwali.
Akuya ta tafi, tunkiya ta bi ta,
saura ƴan kunne.

Aka sa mata hular.
Na gane nawa a ciki, ta gefen hagu,
wanda ba ya jin mataji.
Ta kalli kanta a wayata, ta kalla, ta kalla,
sai ta ce, "Zafi."
Ta cire, ta ɗora a gwiwa.
Na ji kunya ta rufe ni har ƙafa.

Sai na ga yatsunta sun shiga ciki,
sirara kamar tsinken tsintsiya,
suna raba tsaga, suna ɗaukar uku-uku,
allura na lilo a bayan hannu.
Hular ta zame.
Ta ba ta ranƙwashi: "Ke, zauna daidai!"
Uwar ta juya ga bango, kafaɗunta na rawa.
Dariya ce ko kuka, ban leƙa ba.

Da dare na kira Tawa na faɗi abin da na yi.
Shiru ya yi tsawo har na duba ko kuɗina sun ƙare.
Can na ji tarinta.
"Ita yarinyar, tana da mai?"

Jibi motar safe za ta iso.
An ce in je tasha da wuri,
kwalba ce, a naɗe cikin tsumma,
kada rana ta narkar da shi.