Ruwan da Ya Kwana

Ilu mai gilashi na Ƙofar Ruwa
ya yanka mini bango huɗu da gindi,
ya ce: ruwan famfo sai ya kwana.
Na ƙi ji.
Da asuba jajaye biyu sun juya ciki sama.

Yanzu bokiti ke kwana buɗe a tsakar gida,
kulorin ya sulale
kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.

Matatata ba 'yar kanti ba ce:
gorar lemo, soso, tsakuwar Challawa,
da ɗan injin da na taya a Sabon Gari
har mai shi ya ce albarka.
A cikin soson akwai ma'aikatan da ido bai gani,
su ke cinye dafin kashin kifi.
Ranar da Hansatu ta wanke shi da omo
sati guda ruwan na hazo.

Jiya an ɗauke wuta, kumfa ta tsaya.
Na zauna da moɗa, ina ɗiba ina kwararowa,
kifi bakwai na shaƙa daga hannuna
har ladanin Gwammaja ya yi gyaran murya.